Rance da Jingina Wajen Mallakar Gidaje a Birnin Kano

Gabatarwa

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk wanda ya zauna da dattawan Kano ya tambaye su yadda aka yi suka mallaki gidajen da suke ciki, ko waɗanda suka zuba 'yan haya, zai tarar kaɗan ne daga cikinsu suka tara kuɗin gaba ɗaya kafin su sa harsashi. Mafi yawa sun haɗa ne da kuɗin wani: ɗan'uwa, ko aboki, ko ubangida a kasuwa, ko ma matar gida. Kaɗan ne ƙwarai za su ce banki ya ba su.

Wannan maƙala za ta duba yadda mutanen Kano suka riƙa samun rance a tsakaninsu domin saye ko gina gida, tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau. Za ta nuna dalilan da suka sa bankin zamani bai maye gurbin wannan tsohuwar hanya ba, sannan ta ja hankalin mai karatu ga inda hanyar take da rauni, domin gidaje da yawa sun fita daga hannun magada ta wannan kafa.

Ma'anar wasu kalmomi

Yana da kyau malamai su bambance wa ɗalibai waɗannan kalmomi, domin yanzu ana cakuɗa su. Aro shi ne a karɓi abu a yi amfani da shi a mayar da shi kansa, kamar jaki ko tsani. Rance kuwa ana cinye abin da aka karɓa ne a mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi ya haɗa rance da duk wani haƙƙi da ke kan mutum, kamar kuɗin kayan da ya ɗauka bai biya ba. Lamuni shi ne wani ya tsaya wa mai karɓar bashi, ya ɗauki nauyin biya idan ya kasa. Jingina kuma ita ce a damƙa wa mai ba da bashi wata kadara, gona ko gida ko kayan ado, ta zauna a hannunsa har ranar da za a fanshe ta.

Gida a matsayin jari kafin zuwan Turawa

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda a lokacinsa aka kafa Kasuwar Kurmi, Kano take karɓar baƙin 'yan kasuwa. Baƙo kuwa dole ya sami masauki, da wurin ajiye kaya, da inda zai ɗaure dabbobinsa, da kuma wanda zai haɗa shi da masu saye. Wannan shi ne aikin fatoma. Fatoma ba ya karɓar kuɗin kwana kamar yadda masu otal suke yi yanzu. Abin da yake samu shi ne la'ada a kan cinikin da aka yi ta hannunsa. Saboda haka yawan ɗakunansa shi ne yawan baƙinsa, yawan baƙinsa kuma shi ne yawan la'adarsa. Idan fatoma ya ci bashi ya ƙara soro biyu ko uku a gidansa, to jari ya ƙara.

Bugu da ƙari, gidan shi ne shaidar cewa mutum ba zai gudu ba. Baƙon da ya zo daga Agadas ko Gadamas bai san masu sayen kayansa ba, amma ya san fatomansa, ya kuma san inda gidansa yake. Idan an sayar da kaya bashi, fatoma ne yake lamuni. Ke nan gida yana jawo amana, amana kuma tana jawo bashin da za a ƙara gina wani gidan.

Haka abin yake ga fataken goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suke zuwa Gwanja. Tafiya ɗaya takan ci watanni da yawa. Attajiri yakan ba yaronsa jari bisa tsarin ƙiradi, a raba riba idan an dawo. Yaron da ya yi tafiya uku ko huɗu lafiya, ya kuma tashi aure, ubangidansa yakan taimaka masa da kango ko da kuɗin gini, a riƙa cirewa daga rabonsa a hankali. A wancan lokaci da wuri ake ciniki, ana ƙirga shi keso-keso, kowane keso wuri 20,000. Daga cikin attajiran ƙarni na 19 da har yau ake tunawa da su akwai Kundila, wanda aka sa wa rukunin gidajen gwamnati sunansa.

Sai dai akwai wata ƙa'ida da ya kamata a lura da ita. A bisa al'ada, ƙasar birni tana ƙarƙashin kulawar Sarki ne, ta hannun masu unguwanni. Abin da mutum ya mallaka shi ne ginin da ya yi da haƙƙin zama a wurin. Shi ya sa ba a sayar da gida ko jinginar da shi a ɓoye. Sai da sanin mai unguwa da maƙwabta. Waɗannan mutane su ne rajistar wancan zamani.

Abin da shari'a ta tanada

Alƙalan Kano suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Dangane da bashi da jingina, akwai ƙa'idoji huɗu da suka shafi wannan batu.

Ta farko, an haramta riba, wato kuɗin ruwa. Wanda ya ranta ɗari, ɗari zai karɓa. Ta biyu, jingina ba ta cika sai mai ba da bashi ya karɓi kadarar a hannunsa ko a hannun amintacce. Ta uku, idan wa'adi ya cika ba a biya ba, gidan bai zama na mai ba da bashi haka kawai ba. Sai a sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai gida ragowar. Ta huɗu, idan bashin na rance ne, bai halatta mai ba da shi ya shardanta cin amfanin abin da aka jinginar masa ba. Malaman Malikiyya sun yarda da irin wannan sharaɗi ne kawai idan bashin ya samo asali daga ciniki, kuma aka ƙayyade lokacin.

A wannan ƙa'ida ta huɗu ce al'ada ta saɓa da littafi. A aikace, wanda aka jinginar wa gona yakan noma ta ya cinye amfanin, wanda aka jinginar wa gida kuma yakan zauna a ciki ko ya sa 'yan haya, sannan idan an tashi fansa a ba shi uwar kuɗinsa cif. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da kuma Ɗorayi a nan Kano, ta bayyana yadda jinginar gona take gudana a tsakanin manoma, a littattafanta na 1972 da 1977. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan wannan al'ada, amma ba ta gushe ba, domin ita ce take ba mai kuɗi ƙwarin gwiwar fitar da kuɗinsa.

Zuwan Turawa, jirgin ƙasa da gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1910 suka kafa dokar ƙasa wadda ta sanya dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ta kuma hana a mallaka wa wanda ba ɗan ƙasa ba fili sai da izininsa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada suna cikin waɗanda suka fara saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa, daga baya Alhassan Ɗantata (1877 zuwa 1955) ya shiga ya zarce kowa.

Tsarin sayen gyaɗa kansa a kan bashi ya ginu. Kamfani yakan ba babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauyuka. Da kaka ta wuce aka yi lissafi, ribar da ta rage sau da yawa a gini take ƙarewa, domin mutanen da suke ƙyamar kuɗin ruwa ba su da wurin ajiya da ya fi gida. Wanda kuma lissafinsa ya karye, gidansa ne abu na farko da ubangidansa zai duba.

Daga wannan lokaci Kano ta zama tana da tsarin mallaka iri biyu. A wajen ganuwa, wato Nasarawa da unguwar kamfanoni da Fagge ta Kudu inda Kwarori suka zauna, da Sabon Gari wanda aka yanka wajen 1913, fuloti yana da lamba da takarda da wa'adi. Irin wannan fili banki yana iya karɓarsa jingina. A cikin birni kuwa gida ba shi da takarda, kuma Bature ko Kwara ba shi da damar mallakarsa. Mene ne amfanin jinginar da ba za ka iya karɓewa ba? Saboda haka ko da Bakano ya so zuwa banki, gidansa na cikin birni ba zai yi masa lamuni a can ba. Wannan dalili, tare da haramcin riba, shi ya tsare harkar rancen gida a tsakanin jama'a.

Rigingimun gidaje da filaye kuwa majalisar Sarki ce take sauraron su. Bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas (1903 zuwa 1919) na shekarun 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, suna nan, kuma masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1994. Malamin da yake son ya nuna wa ɗalibai yadda kakanninsu suke jayayya a kan gida da gado da bashi, zai sami abin koyarwa a cikinsu.

Wannan tsari na gida da amana bai tsaya a Kano ba. Fatake sun tafi da shi duk inda suka kafa zango. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Abner Cohen ya yi bincike a farkon shekarun 1960, ya tarar cinikin shanu da goro yana hannun masu gida ne. Dillalan mai gida suna sayar wa mahauta shanu bashi, shi kuma ya lamunce wa mai shanun da ya zo daga Arewa. Abin da yake sa baƙo ya yarda ya bar dukiyarsa a hannun mai gida shi ne gidajen da yake gani da idonsa. Fatoman Kano ne dai a wata ƙasa.

Daga kafa jiha zuwa Dokar 1978

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko har zuwa 1975. Ma'aikata suka yawaita, masana'antu suka buɗe a Bompai da Sharaɗa, baƙi suka yi ta shigowa, kowa kuma yana neman ɗakin haya. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta buɗe wa 'yan kasuwar Kano ƙofar karɓar harkokin da da suke hannun baƙi. An sauya kuɗi daga fam zuwa Naira a 1973, sannan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas. A wannan zamani ne gina gidan haya ya zama sana'ar da malamin makaranta da akawu da ɗan tireda duk suke mafarki.

Ta yaya ƙaramin ma'aikaci yake haɗa kuɗin? Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka bi hanyar, saboda haka zai faɗi abin da ya sani. Da farko akan shiga adashi a ofis, a roƙi uwar adashi ta ba mutum ɗauka ta farko ko ta biyu, a kai wa mai fili kafin alƙalami. Adashi rance ne marar ruwa: wanda ya ɗauka da wuri ya ci bashin sauran, wanda ya ɗauka a ƙarshe ya yi ajiya. Daga nan sai a juya cikin gida. Mata da yawa sun sayar da gwal ko tasoshi da kwanukan jerensu sun ranta wa mazajensu, kuma ba a cika ambaton su ba idan ana ba da tarihin gidan. Mai sayar da siminti ko kwano na unguwa yakan ba da kaya a biya ƙarshen wata. Idan gini ya kai rufi kuɗi suka yanke, sai a nemi ɗan haya ya biya shekara ɗaya ko biyu gaba, a ƙarasa da kuɗinsa. Abin da ya rage na bashi kuma a jira garatuti.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin samar da hanyar hukuma. Kamfanin ba da rancen gina gidaje da aka kafa a 1956 ya koma Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a 1977. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, aka wajabta cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Amma duk waɗannan hanyoyi suna neman abu guda: takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket.

Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma shardanta cewa ba za a sayar ko a jinginar da filin birni ba sai da amincewarsa. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta tabbatar da cewa jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba ba ta da inganci. Daga nan bankuna suka ƙara tsanantawa. Alhali kuwa yawancin unguwannin da birnin ya faɗaɗa zuwa cikinsu, irin su Kurna da Ɗorayi da Sheka da Rijiyar Zaki, gonaki ne da masu su suka yanka suka sayar, abin da ake kira awon igiya. Takardar irin wannan fili ita ce ta ciniki, mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da shaidu. A wurin maƙwabci wannan takarda ta isa hujja, a wurin banki kuwa ba ta isa ba. Wato rabuwar nan da aka yi tun zamanin Turawa tsakanin gida mai takarda da marar takarda ta ci gaba, sai dai ganuwa ta daina zama iyakarta.

Faɗuwar darajar Naira

Abin da ya fi girgiza rancen amana shi ne karyewar darajar kuɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dalar Amurka ɗaya. Zuwa 1995 Dala tana kusan Naira 22 a farashin gwamnati, ta haura 80 a kasuwa. A 2024 ta wuce Naira 1,500. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa kuɗin gina ɗaki huɗu, bayan shekara goma aka mayar masa da adadin da ya bayar, sai ya tarar ko ɗaki ɗaya ba zai gina ba, alhali gidan da aka gina da kuɗinsa ya ninka daraja. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan wannan.

Mutane sun nemi mafita ta hanyoyi daban-daban. Wasu sun koma ba da rance da kaya: a ba ka buhun siminti ɗari, ka mayar da buhu ɗari. Wasu suna ƙirgawa da nauyin gwal. Wasu sun gwammace tarayya, mai fili ya kawo fili, mai kuɗi ya gina, a raba shaguna ko a bar magini ya ci haya na wasu shekaru sannan ginin ya koma ga mai fili. Wasu kuma, abin takaici, sun faɗa hannun masu ba da kuɗi da ruwa, waɗanda suke sa mutum ya sa hannu a takardar sayarwa tun ranar karɓar bashi, su riƙe ta. Wa'adi na cika gida ya tafi a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da ruwa, ya fara aiki a 2012 kuma Kano tana cikin rassansa na farko. Ya kawar da uzurin riba ga masu ƙyamarta, amma matsalar takarda tana nan ga mai filin awon igiya.

Wani abu da na shaida

A wata unguwa ta cikin birni, wani dattijo ya jinginar wa amininsa sashe ɗaya na gidan gadonsu a shekarun 1970, domin ya gina gidan haya a bayan ganuwa. Shaidu biyu aka kira, aka yi addu'a, aka raba goro. Da wani ya kawo maganar rubutu, sai mai ba da kuɗin ya ji kamar an zarge shi, aka bar zancen. Ginin bai kai rufi ba mai shi ya rasu. Aminin bai taɓa neman kuɗinsa ba, magada kuma ba su da halin fansa, sai ya sa 'yan haya a sashen. Shi ma ya rasu, shaidun biyu suka bi su.

Bayan kusan shekara talatin, jikokin mai gida suka tashi rabon gado. 'Ya'yan aminin suka ce su sun tashi sun ga sashen a hannun mahaifinsu, saye ya yi. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. Iyakar abin da suka sani ke nan. Na zauna a cikin masu sulhu tare da mai unguwa da liman. Abin da ya ceci lamarin shi ne wata tsohuwa, matar ɗaya daga cikin shaidun, wadda ta tuna maigidanta ya dawo ranar yana cewa an yi jingina. Da aka wuce wannan sai sabuwar tambaya ta taso: nawa za a biya? Adadin da aka bayar a wancan lokaci yanzu ba zai sayi ƙofar ɗaki ba. Wani ɓangare ya ce a duba darajar kuɗin, ɗaya ɓangaren ya ce a cire hayar shekara talatin. An daidaita daga ƙarshe, amma gidajen biyu da a da suke aurayya, yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa amana ce ta gina yawancin gidajen Kano, daga soron fatoma har zuwa gidan hayar malamin makaranta. Wannan amana ta yi aiki ne a lokacin da unguwa take ƙarama, mai unguwa ya san kowane gida da tarihinsa, kuɗi kuma ba sa sauya daraja a rayuwar mutum ɗaya. Yau birnin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mai unguwa, shaidu kuma ba sa dawwama.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, wadda take biye da ita kuma ta yi maganar jingina. Saboda haka wanda ya nemi a rubuta bai zargi kowa ba. Ina kira ga dattawan da suke da gida ko gona a hannun wani, ko ta wani a hannunsu, da su kira 'ya'yansu da na abokan mu'amalarsu tun suna raye, a rubuta adadi da wa'adi, da wanda zai ci amfanin kadarar, da yadda za a yi idan an kasa biya, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Malamai kuma su sa ɗalibansu su tambayi iyaye da kakanni yadda aka sami gidan da suke kwana a ciki, su rubuta. Da yawa za su ji sunan wata kaka da ta sayar da kayan ɗakinta, ko wani maƙwabci da ya yafe bashi, waɗanda ba a taɓa gaya musu ba. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya sa mu rabu da duniya babu haƙƙin kowa a kanmu.